Ƙafar Fijo, Daga Sharaɗa Zuwa Bompai da Challawa

Motar kawuna Peugeot 504 ce ƙirar Kaduna, fara, ta ƙarshen shekarun 1970. Da bashin mota ya saye ta lokacin yana aikin gwamnati, kuma har yau ba ya yarda a kira ta tsohuwa a gabansa. Inji lafiya lau, giya na shiga ba gardama. Ƙafarta ce ta gaji. In ka hau miƙaƙƙen titi sai ka yi ta lallashin sitiyari, ka ɗan karkata dama, ka ɗan dawo hagu, mota na ta yawo abinta. In ta faɗa rami sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Tayar gaba ta dama kuwa ta cinye ta ciki har zare ya fara leƙowa, alhali ta waje zanenta na nan daram. Da kawu ya ce da ita zai je ɗaurin aure Zariya, 'ya'yansa suka ɓoye makulli, aka ɗora mini aikin kai ta gyara.

Wanda bai ga zamanin ba zai yi mamakin dattijon da ya riƙe mota haka. 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin rage almubazzaranci, manyan jami'ai suka sauka daga Marsandi suka koma Fijo. Daga nan ta zama motar kowa: babban sakatare, alƙali, ɗan kasuwa, direban tasha. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Shi ya sa ba a rasa wanda ya san ta a Kano. Wanda zai gyara ta bisa ƙa'ida ne ke wuyar samu.

Na fita da sassafe don in riga cunkoso. Daga Gwale zuwa Sharaɗa ba nisa, amma ban bari allura ta ɗaga ba, 'yan adaidaita sahu na ta yi mini oda ina ba su hanya.

Sharaɗa rukuni uku ce, an tsara ta ne zamanin da kuɗin man fetur ya shigo, aka yanka manyan filaye aka ce ga inda Kano za ta yi masana'antu. Har yanzu akwai masu aiki. Kana shiga warin narkakkiyar roba zai tare ka, ga rugugin janareto ta bayan katanga, ga leburori a layi bakin ƙofa suna jiran a kira suna. Amma tsakanin kamfani mai hayaƙi da na gaba sai ka wuce wanda ƙofarsa ta yi tsatsa, ko wanda aka mayar sito ana jibge kayan da aka shigo da su daga waje. Rafin Salanta na ratsa unguwar ɗauke da ruwan da masana'antu suka sako, launinsa ya danganta da abin da aka rina ranar. A jikin dogayen katangun nan, ƙarƙashin darbejiya, nan makanikai suka kafa rumfuna.

A Kano gyaran mota ya kasu: akwai mai inji, akwai mai giya, akwai rewaya, akwai fanbita, akwai mai ƙafa. Wanda aka haɗa ni da shi mai ƙafa ne, mutum ne mai kimanin shekara hamsin, marar yawan magana. Muka gaisa, na fara zayyano masa abin da motar ke yi, ya ɗaga hannu.

"Bari ta faɗa da bakinta, Malam."

Bai taɓa sifana ba. Ya sa yaronsa ya zauna mazaunin direba, mota na ƙasa kan tayoyinta, ya ce ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, iya inda zai ji ya fara nauyi. Ni kuma ya ce in zuba wa tayar gaba ido. Sitiyari ya yi tafiyar yatsu huɗu a jere, taya ko gezau. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya riƙa bin gaɓoɓin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, fuskarsa na kallon wani wajen. Can ya kira ni. Na durƙusa, ya kama hannuna ya ɗora kan tayarod na dama, daidai inda ya haɗu da hannun da ke juya taya. Duk kaɗawar da yaron ya yi sai in ji wani ɗan bugu a tafin hannuna, ƙwal, kafin ƙarfen ya motsa. Ido ba ya ganinsa. Wannan ɗan bugun ne ke cinye taya.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Daga sitiyari sanda ta sauko, ta haɗu da wani faifan roba mai shanye girgiza. Ƙasan faifan akwai ɗan gajeren ƙarfe mai haƙora, finiyan, wanda ke juyawa a kan rak, wato dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance cikin kwanso a faɗin mota. In finiyan ya juya, rak ya zame hagu ko dama, ya tura tayarod na kowane gefe, su kuma su karkata tayoyi. Kowane tayarod yana da gaɓa ta ciki da ta waje. Ba sai gaɓa ɗaya ta lalace gaba ɗaya ba. Wannan ta ɗan saki, waccan ta ɗan saki, in aka tara sai ka sami yatsu huɗu a hannun direba.

Daga nan ya sa jak ya ɗaga gaba. Ya kama taya gefe da gefe ya girgiza, ta amsa. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, ta ɗan amsa kaɗan, ya ce wa yaron ya taka birki, ya sake girgizawa, shiru. Ya ce wannan boris ne ya ɗan saki, ɗauri kawai yake so. Da boljoyin ne, taka birki ba zai hana shi motsi ba. Hukuncinsa ke nan: tayarod na waje na dama ya mutu, na hagu na kan hanya, faifan roba ya tsattsage, robar da ke rufe bakin rak ta yage, bushin da ke riƙe rak ta ɓangaren fasinja ya cinye har rak na kaɗawa cikin kwansonsa. Shi ne ƙwas-ƙwas ɗin.

A Ingila, inda ake yi wa mota gwajin shekara-shekara da suke kira MOT, ƙa'idar masu gwajin ta ce sitiyari mai faɗin milimita 380, in na rak ne, kada wasansa ya wuce milimita 13. In na akwati ne, irin na tsohuwar Marsandi, an sassauta masa zuwa 75. Yatsu huɗu na babban mutum sun kai milimita 70. Ke nan motar kawu ta ninka abin da aka yarda wa irinta sau biyar, a haka kuma ake shirin hawa titin Zariya da ita.

Asalin ɓarnar duk daga robar nan da ta yage take. Muddin tana rufe, giris na ciki, ƙura na waje. Da ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris, ya zama kamar toka da yashin da ake dirje gindin tukunya da su, kowace juyawa yana cin ƙarfe. Damina ta zo, ruwan kwata ya shiga ya ƙarasa. Abin da ya fi kowane araha a ƙafar mota shi ne ya kashe mai tsadar.

Muna cikin kwance rak ɗin na ji bugun guduma a rumfar da ke gaba da mu. Wani direban akori-kura ne ya kawo tasa, an cire tayarod an kifa shi kan wani guntun ƙarfen dogo, ana dukan gindinsa don kwanson ya matse ƙwallon da ke ciki. Wasu, in ji mai ƙafa, har yankan tsohon tib suke cusawa a ciki. Wasu kuma walda suke yi wa sandar in ta tsage.

"Injiniya, ai ka ga ya matse," na ce, don in ji ta bakinsa.

"Ya matse yau. Ƙwallon ya riga ya cinye, ba zagayayye ba ne kuma. Sati nawa zai yi? Ranar da ya fice daga kwanso, tayar nan ta zama mai zaman kanta, ka juya sitiyari duk inda kake so." Ya goge hannu da tsumma. "Walda kuwa ni ba na yi a nan. Ƙarfen an gasa shi ne a kamfani. Wuta ta taɓa shi, ya zama mai karyewa, kuma ba ya sallama kafin ya karye."

Ban ga laifin direban akori-kuran ba gaba ɗaya. Abin da ya samu jiya shi zai ci yau, sabon tayarod kuma ya fi ƙarfin aljihunsa a safiyar nan. Amma motar da za a loda wa buhunan albasa da mutane shida a kai ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana iya yi wa ƙofa dabara, a yi wa salansa dabara, a ɗaure bamba da waya. Ba kowane ƙarfe ne ke karɓar dabara ba, kuma a ganina sanin wanda ke karɓa da wanda ba ya karɓa shi ne ya raba makanike da mai riƙe da sifana.

Aka naɗe rak cikin buhu, aka zuba tsofaffin kayan a leda, muka tari adaidaita sahu. Mai ƙafa ya ce ba zai aiki yaro ba, da kansa zai je sayen kayan. Muka bi ta Gadon Ƙaya da Tal'udu, muka ɗauki Titin Aminu Kano ta gindin Goron Dutse, sai Ƙofar Ruwa.

Kasuwar Ƙofar Ruwa ƙarfe ce tun daga bakinta: rodi, kwano, injuna a jere a ƙasa, ƙofofin mota a jingine, giyabos a tare kamar an zubo su daga tifa. Hausawa da Inyamurai ke harkar, kowa ya san layinsa. Kayan 504 iri uku muka tarar. Akwai sabo a kwali mai tambarin zaki, wanda kwalin kaɗai ba shaida ba ne, don buga tambari ba wuya. Akwai sabo na wasu kamfanoni, daga Turkiyya, Indiya ko China, wani nagari wani na banza. Sai gwanjo. Ga motocin yayi, gwanjo na nufin ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar da aka yanka a Turai. Amma 504 ta daɗe da ƙarewa a bolar Turai, saboda haka gwanjonta yawanci daga motocin da suka mutu a nan ne, waɗanda suka sha irin ramukan da tamu ta sha.

"Alhaji, wannan orijina ne, daga Faransa," in ji wani mai shago, yana miƙo kwali.

Mai ƙafa bai tanka ba. Ya fito da tayarod ɗin, ya kama sandar ƙwallon da babban yatsa ya tura. Ta tafi sululu. Ya mayar cikin kwali ya ajiye. A shago na gaba ya sake gwadawa, wannan sai da ya sa tafin hannu ya danna kafin ta karkata, kuma ta tafi sumul ba tsalle. Ya jera shi da tsohon, ya duba tsawo, ya duba zaren noti, ya duba tsinin da ke shiga ramin hannun taya, don in tsinin bai zauna daidai ba, ko ka ɗaure noti iya ƙarfinka zai riƙa wasa har ya faɗaɗa ramin. Ya murza robar kansa ya ga ko za ta nuna tsaga. Sannan ya fara ciniki. Muka sayi guda biyu, da faifan roba, da robobin rufe rak. Bushin ne ba a samu ba. Wani ya ce mu sayi rak ɗin gaba ɗaya na gwanjo, ya ɗauko mana ɗaya. Mai ƙafa ya kama bakinsa ya kaɗa, ya fi namu surutu.

"Sai Bompai," in ji shi.

Muka fita ta Titin Katsina, muka ratsa gefen Sabon Gari, muka hau Titin Murtala Mohammed. Bompai ce uwa a unguwannin masana'antu na Kano, tun zamanin Turawa take. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta biyo dogo, kuɗi suka taru, Kwarori da attajiran gari suka fara kafa injunan matsar mai, daga baya aka shiga saƙa, sabulu, alewa, turare, kwanukan sha. Har keken Raleigh an haɗa a Kano. Titunan Bompai sun fi na Sharaɗa inuwa, bishiyoyinta sun tsufa, gine-ginen ma haka. Faɗuwar ta faro ne daga tsakiyar shekarun 1980: tsarin SAP na 1986 ya karya naira, kayan aiki daga waje suka yi tsada, wuta ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba in ana wannan lissafi. Kowace babbar masana'anta tana da nata ɗakin gyara, da injunan tana, da fitoci da masu fere ƙarfe da aka horar su ƙera duk abin da ya karye, tunda ba za a tsayar da masaƙa a jira kaya daga Manchester ba. Da aka rufe, aka yi gwanjon injunan. Wasu suka tafi wajen 'yan gwangwan a kilo. Wasu kuma ma'aikatan da suka saba da su ne suka haɗa kuɗin sallama suka saya, suka kama shago a bayan katangar da suka yi wa aiki. Tsofaffin motocin Kano, da injunan niƙa, da famfunan ban-ruwa na Kadawa, rabin ransu a hannun waɗannan mutane yake.

Wanda muka je wurinsa dattijo ne mai farin gemu da tabarau a ɗaure da zare. Injinsa Colchester ne ƙirar Ingila, fentinsa ya koɗe amma hanyoyin da kan injin ke zamewa a kai suna ƙyalli da mai. Mun tarar an ɗauke wuta. Ya ce ko mu jira, ko a tayar da janareto kuɗin mai a kanmu. Muka ce a tayar.

Kafin nan sai da aka warware rak ɗin gaba ɗaya aka wanke da kananzir a cikin rabin jarka. Ya ɗora dogon ƙarfen kan wasu tubala biyu na ƙarfe masu tsagi, ya kafa agogon awo a tsakiya, ya riƙa juya shi da yatsa. Allurar agogon ta riƙa lilo.

"Ya taɓa dukan wani abu da tayar dama?"

Na tuna shekarar da aka ce kawu ya hau bakin kwalbati a Kabuga. Na ce ƙwarai, Baba.

"Ga shi nan a rubuce."

Lanƙwasar ba ta da yawa, ido ba zai kama ta ba. Ya kai shi kan fires, ya danna kaɗan, ya saki, ya mayar kan agogo. Ya sake. Bai kusantar da wuta ba, a sanyi ya miƙar da shi, har allurar ta kusa tsayawa cik. Sai ya juyo da haƙoran sama ya nuna mini da bakin fensir. Na gefe biyu suna nan da kaifinsu. Na tsakiya, kimanin faɗin tafin hannu, sun yi santsi suna ƙyalli. Dalili a fili yake: mota ta fi tafiya a miƙe, saboda haka shekara arba'in da wani abu finiyan na zaune kan waɗannan 'yan haƙora yana goga su.

Daga nan ya koma kan bushin. Na ɗauka tagulla zai sa, ya ce a'a. Tagulla na son mai kullum, in ta bushe za ta ci rak, kuma za ta riƙa ƙara. Ya ɗauko sandar farar roba mai tauri, irin wadda ake yi wa injunan masana'anta, ya ɗaure a bakin inji. Ya auna cikin kwanso, ya auna kaurin rak, ya rubuta lambobin da alli a jikin injin. Roba ta riƙa fita zare-zare fari tana naɗewa a ƙasa. Ya huda ciki, ya tsayar da inji, ya gwada rak, ya ƙi shiga. Ya ɗebe abin da bai kai kaurin takarda ba, ya sake gwadawa. A karo na gaba rak ya shige da ɗan turawa, ba ya kaɗawa, ba ya kamewa. Ya yanka 'yar hanya a ciki inda giris zai zauna.

Sai aikin da ya fi ɗaukar lokaci, wanda kuma ba a ganin komai a cikinsa. A bayan rak, daidai saitin finiyan, akwai wani ɗan turmi da sifirin ke dannawa don haƙora su zauna cikin juna. Da 'yan siraran washa ake daidaita shi, a ƙara ko a rage. Baba ya haɗa, ya kama finiyan da yatsu ya juya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya kwance, ya cire washa ɗaya, ya haɗa, ya juya. A tsakiya ya yi daidai, amma da ya doshi ƙarshe sai ya yi tauri. Ya kwance ya mayar da wata mafi siranta.

"Baba, ai da ka bar shi a matse, wasan ya tafi gaba ɗaya."

"Ɗana, tsakiya ta cinye, gefe bai cinye ba. In na matse don tsakiya, gefe zai kame. Ka sha kwana, ka saki sitiyari, ya ƙi dawowa. Wanne ka fi so?" Ya ci gaba da juyawa. "Zan bar maka ɗan wasa kaɗan a tsakiya. Wanda ya ce zai cire maka shi duka ba tare da sabon rak ba, kada ka ba shi motarka."

Ana cikin haka jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, don filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da nisa da nan. Baba ya ɗaga kai ya ce ƙarfen nan da ke hannunsa ta sama ya shigo Kano. Ba zolaya yake ba. A tsakiyar shekarun 1970 jiragen ruwan siminti sun toshe tashar Legas, kaya na yin watanni kafin a sauke. Sai Peugeot ta koma ɗauko sassan motocinta ta jirgin sama, kamfanin UTA na jigilarsu daga Lyon zuwa Kano, daga nan manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. An yi shekaru ana haka.

Yaro ɗaya na gani a shagon yana share zaren roba. Baba ya ce da su shida ne. Koyon tana na cin shekaru kafin mutum ya fara samun na kansa, adaidaita sahu kuwa yau ka hau yau ka kawo kuɗin cefane. Bai faɗa da ɗaci ba, lissafi kawai ya yi mini. Ni ne abin ya dama, don injin zai iya ƙara shekara hamsin, amma sanin wace washa za a cire ba a rubuce yake a jikinsa ba.

Haɗawa a Sharaɗa ba ta ɗau lokaci ba. Tun wajen kwancewa mai ƙafa ya ƙirga zagaye nawa kowane tsohon tayarod ya yi kafin ya fita, ya mayar da sababbin daidai wannan adadi don saiti ya kusa. Ya cika robobin da giris, ya ɗaure bakinsu da maɗaurin ƙarfe, ba da waya ko yankan leda ba. Ya sa sababbin notuna. Ya ɗaure boris. Sannan ya ce saura alaimen, kuma ba zai yi a nan ba, don ƙasar rumfarsa ba a daidaice take ba. Maigidansa da ya koya masa aiki yana Challawa.

Titin Panshekara na manyan motoci ne, tirela na bin tirela. Kafin ka ga Challawa hancinka zai gaya maka ka iso, don nan ne matattarar kamfanonin jima. Sana'ar ta girmi unguwar nesa ba kusa ba: fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta ratsa Sahara ƙarni da ƙarni, Turawa na sayenta a arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Yau da sinadarin kurom ake jima, ana loda fatun zuwa Italiya da Sifen, ruwan da ya rage kuma ya gangara kogi. A bakin kogin nan ne aka kafa gidan ruwan famfo na farko na Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Akwai kamfanin lemo, akwai na robobi, akwai kuma filaye masu katanga da ciyawa ta cinye.

A ɗaya daga cikinsu maigidan yake. Rufin siton ya tafi, amma daɓen simintin da aka zuba don manyan injuna na nan shimfiɗe, ba tudu ba kwari. Saboda daɓen ya kama wurin. Mai ƙafa ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi, ni ma na bi.

Ba kwamfuta, ba fitila. Ya sa aka daidaita iskar tayoyi, aka tura motar gaba kaɗan don ƙafa ta zauna, aka tsayar da sitiyari a tsakiya. Ya ja zare a kowane gefe daga baya zuwa gaba, a tsayin tsakiyar taya, ya ɗaure a jikin wasu ƙarafa huɗu, ya auna har zaren biyu suka yi daidai da juna. Sai ya sa rula tsakanin zare da bakin rim, ta gaba da ta baya. Motar da ke tura kanta da tayoyin baya, irin 504, ana son tayoyin gabanta su ɗan haɗe baki da milimita kaɗan, don in ta ɗau gudu turjiyar titi na buɗe su su dawo daidai. Ya ce wa almajirinsa na da ya juya tayarod na dama rabin zagaye. Aka tura mota baya, aka dawo da ita, aka sake awo.

A gefe akwai Marsandi 200 ta ƙarshen shekarun 1970, ruwan toka, bonet a buɗe. Ita ba rak gare ta ba, akwati ne mai ƙwallaye a ciki, da sandar tsakiya, da wani hannu a ɓangaren fasinja da ke riƙe ɗaya ƙarshen sandar. Mai ita, wani Alhaji da babbar riga, ya dage a ɗaure masa sukurun saman akwatin don wasa ya tafi. Dattijon ya ce bushin hannun fasinja ne ya mutu, shi za a fara canzawa, sannan a ga abin da ya rage. In aka fara da sukuru, akwatin ne zai biya bashin da ba shi ya ci ba, kuma akwatin ya fi komai wuyar samu.

"Ranka ya daɗe, tun canjin hannu nake wannan aiki," in ji shi. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagun titi ta koma dama, yana yaron gareji a lokacin, kuma ya ce da cire sitiyarin 404 daga dama a mayar hagu ya buɗe ido. Alhaji ya yi shiru, ya aika a sayo bushin.

Muka fita gwaji kan titin da ke bi ta gaban kamfanonin jima, mai ramuka da tudun kwalta. Ƙwas-ƙwas ta tafi. Mota ta tsaya kan layinta, na sha kwana na sassauta hannu, sitiyari ya dawo da kansa. Wasan da Baba ya yi alkawarin bari yana nan, bai kai faɗin yatsa ba. Sai dai sitiyarin ya ɗan karkace hagu alhali muna tafiya a miƙe. Na ce a cire shi a gyara masa zama. Dattijon ya ce a'a, in aka yi haka rak ya bar tsakiyarsa, mota za ta fi shan kwana ta gefe ɗaya. Ya sa aka rage tayarod ɗaya, aka ƙara ɗayan daidai gwargwado, aka sake jan zare.

Da na zo biya ya ƙi karɓa daga hannuna, ya ce in ba yaronsa, su za su daidaita. Ya zagaya ya dafa tayar dama da zare ya leƙo, ya ce kada motar ta wuce Na'ibawa da wannan. Taya biyu za a saya, ba ɗaya ba, kuma in duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don masu inci 14 sukan daɗe a shago. Da na tambayi farashi a hanyar komawa, kuɗin tayoyin ya fi na tayarod da bushin da ladan mutum uku in an haɗa.